Hannun da Aka Ɗaure a Ƙugun Turmi

Ni bahago ne. Gara in gaya maku tun yanzu, kada wata rana mu haɗu a tasha ku ga na miƙo hannu, na janye shi da sauri, na miƙo ɗayan, ku ce bawan Allan nan kanshi ya taɓu. Kaina lafiya lau. Tarbiyya ce.

Sana'ata kaɗa piyano, akwatin nan mai haƙora farare da baƙaƙe. Kiɗan da nake yi buluz ake ce mashi, na baƙaƙen Amurka ne, kiɗan mutumin da abu ya dame shi amma ƙafarshi ta ƙi zama wuri guda. Da shi na yi yawo: Yamai, Wagadugu, Kotonu, Abijan, har Marsai ta Faransa inda sanyi ke shiga mutum ta kunne ya fito ta gwiwa. A wannan kiɗa hannun hagu shi ne mai gida. Shi ke tafiya a ƙasa, dum, ta-dum, ta-dum, ba ya tsayawa ba ya gaggawa, na dama kuwa yana sama yana tsalle-tsallenshi kamar ɗan akuya. In na dama ya yi kuskure ba mai ji sai wanda ya san aikin. In na hagu ya yi tuntuɓe, har mai wanke kwanoni a bayan otel sai ya leƙo.

To wannan hannu da ya kai ni duk waɗannan wurare, kakata ta taɓa cewa ba shi da albarka, na kuwa ɗauki maganar na yi ta yawo da ita. Da ni kaɗai ne da na bar ta haka. Sai Allah ya ba ni ɗiya, ita ma bahaguwa, na ce a raina maganar nan ba za ta sauka kan yarinyar nan ba.

An haife ni a wani ƙauye bayan garin Sarkin Hausa, cikin ƙasar Mayahi, inda in ka tsaya ka juya ba abin da za ka gani sai gero da wanda ya zo duba gero. Da aka yaye ni aka kai ni wajen kakata ta wajen uba, wai in yi ƴan kwanaki in manta da nono. Na manta. Aka aiko a ɗauke ni, ta ce a ba uwata haƙuri, ita ta yi miji, kuma ba ta saba mayar da miji ba. Tun daga nan ba ni da wani suna a bakinta sai ango. Ni ma da bakina ya buɗe na ce mata amarya, amaryar da haƙoranta na gaba suka riga suka yi sallama.

Zaman aure na tafiya lafiya har ranar da na fara cin tuwo da kaina. Na kai hannu akushi, ta duba, ta ce, "A'uzubillahi. Ango, ba wanga ba. Wancan."

Na ce to. Na sake kai wanga.

Maƙwabta suka kawo shawara, don ba a rasa masu shawara a kan ɗan wani. Wata ta ce a shafa barkono. Wata ta ce a sa mani tuwo da zafinshi a tafi, sau ɗaya ya isa. Kakata ta ce ita ba ta aure ni don ta gasa ni ba. Nata ilimin daban ne. Wai hannu halinshi guda da jaki, in aka ɗaure shi damina guda ba aiki sai ya manta hanya. Ta yage bakin wani tsohon baƙin zanenta ta samu ƙyalle mai tsawo. Kowace safiya in za ta yi dakan fura sai ta zaunar da ni gindin turmi, ta manna tafin hannuna na hagu a ƙugun turmin, ta zagaye da ƙyallen ta ƙulle. Na dama ta ba shi faifai da wake, in tsince tsakuwa. Ɗaya ya koyi aiki, ɗaya ya koyi zama.

Ba ita kaɗai ke dakan ba. Akwai ƙawarta, wata Bafillata doguwa siririya daga rugar da ke bayan rijiya, mai kawo nono ta karɓi gero. In ta sauke ƙwarya sai ta ɗauki taɓarya ta biyu, ba don an sa ta ba, don hira ta fi mata daɗi a tsaye. Kakata gajera ce mai ƙarfi, in ta saki taɓarya har ƙasa sai ta amsa. Ita kuwa Bafillatar tata ba nauyi, kuma ba ta taɓa faɗowa a tsakiya daidai ba. Sai ta jinkirta, ta jinkirta, sannan ta sako tata dab da ta kakata, kamar mai tsallaka hanya gaban mota.

"Ke Bafillata, daka kike ko gaisawa kike da hatsin?"

"Yi a hankali, Kaɗo," in ji ta, don haka suke kiran Bahaushe. "Turmin nan bai zagi uwarki ba."

"Ji hannu kamar karan dawa."

"Karan dawan ne ya tatso nonon da mijinki ke sha. Dube shi, an ɗaure shi kamar maraƙi."

Ni ina ƙasa, kai duk garin gero, duk saukar taɓarya tana bi ta itacen ta shiga tafina ta hau har kafaɗa. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta zo. Jaki bai manta hanya ba. Abin da na koya kawai shi ne in ci tuwo da dama in tana kallo.

Maganar da ta tsaya mani ta faɗo ne ranar wani suna a gidanmu. Liman ya gama addu'a, maza na zaune a zaure, ya hango ni ya miƙo mani dabino. Na karɓa da hagu, gaban kowa. Wani ya yi dariya, wani ya ce ai goyon tsohuwa ne, abin da ake samu ke nan. Maganar ta riga ni shiga cikin gida. Kakata ta kama hannun ta ɗaga shi kamar ta kamo ɓera, ta ce, "Hannun ga ba shi da albarka. Ba shi ciyar da kai, ba shi ciyar da kowa." Ba ta dake ni ba. Da yamma ma har ta ƙara mani nama. Ina jin kafin ta yi magariba ta manta ta faɗa. Ni ne ban manta ba. Daga ranar hannun ya koma aljihu, in ba aljihu ya koma bayana.

Lakwal, wato makarantar boko, ta ƙarasa aikin. Mushenmu, malamin ajinmu, yana da wata ƴar sanda da ba ta san hanyar ko'ina ba sai bayan yatsuna. Ya tilasta wa na dama alli, na dama ya karɓa ba da son ranshi ba, har yau rubutuna kamar kaza ta bi ta kan toka. Duk da haka na ci jarrabawa, aka tura ni kwaleji a Tasawa, na sauka gidan kawuna.

Tasawa a idona lokacin ita ce ƙarshen duniya: ga kwalta, ga manyan motoci suna wucewa Damagaram, ga mutum na sayar da ruwan sanyi. Tsakanin kasuwa da tasha akwai rumfar wani mai gyaran rediyo, dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Yana da kaset guda na gwaji. Wani bature mai gina rijiyoyi ne ya mance shi cikin rikodar da ya kawo gyara, dattijon ya ga ba wa'azi ba ne balle a ji zunubin lalata shi, sai ya mayar da shi na aiki. Duk rikodar da aka gyara a Tasawa a shekarun nan, kafin ta koma gida ta yi waƙar biki ko karatu, sai ta fara yin buluz a rumfar nan. Mai ita na tsaye yana yamutsa fuska yana cewa, "Malam, anya ta gyaru? Ji yadda take kuka." Dattijon ya ce, "Haka mutumin yake, ba rikodar ba ce."

Ni kuwa ranar da na fara ji, ƙafata ta ƙi wucewa. Ba muryar ta kama ni ba, ban san abin da yake cewa ba, na dai ji kamar an ƙwace mashi akuya. Abin da ke tafiya ƙarƙashin muryar ne. Na ji kamar na san shi, kamar ka ga mutum a kasuwa ka tabbata kun taɓa cin tuwo tare amma ka rasa a gidan wa. Na san ku kun riga kun gane. Ni ban gane ba, na ce maku bahago ne ni, ban ce mai wayo ba.

Kullum in aka tashi lakwal sai in zo in raɓe jikin rumfar ina addu'ar rikodar wani ta lalace. Ran nan dattijon ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai ɗan lakwal, inuwa ka zo sha ko sata kake koyo?"

"Kiɗan nake saurare, baba."

"To shigo ka saurara a zaune, kana kore mani masu ciniki da wannan tsayuwa taka."

Cikin tarkacen da ke ƙarƙashin teburinshi ya jawo wani ɗan piyano mai aiki da batir, duk ƙura. Wani ne ya zo da shi daga Libiya, ya kawo gyara, ya koma bai sake dawowa ba. Rabinshi ya mutu, duk haƙoran ɓangaren dama in ka danna shiru. Na ɓangaren hagu kaɗai ke magana, masu babbar murya. Duk wanda ya gwada sai ya tura shi gefe ya ce ba shi da amfani. Na zauna, na kai hannun dama can hagu a karkace, kamar mai son sosa inda hannu bai kaiwa. Dattijon na kallo. Ya ga ɗayan yana kan cinyata, yatsun na motsi su kaɗai.

"Wancan da kake ɓoyo, na aro ne?"

"Na hagu ne, baba."

"Na gani. Ai akwatin ma bahago ne. Ku gaisa."

Na ɗora. Ba zan ce maku na iya nan take ba, na yi watanni ina ba maƙwabtan rumfar haushi, har mai tsiren da ke gefe ya ce hayaƙinshi ma ya canja hanya. Amma tafiyar nan, dum, ta-dum, ba wanda ya koya mani ita. Hannun ya zo da abinshi. Dattijon ya sa kaset, in bi, ya mayar baya da biro don kada batir ya ƙare, in sake bi. Kawuna ya ɗauka gyaran rediyo nake koyo, yana ta yabona wajen abokanshi. Ranar da tashi rediyon ta lalace ya miƙo mani, na kaɗa mata yatsu a baya, ba ta tashi ba, daga nan ya daina yabo.

Na dama sai daga baya ya samu malami. A Kotonu ne, wani otel bakin teku, wajen wani tsoho mutumin Gana da ke kaɗa wa baƙi. Ya saurare ni ya ce hannuna na hagu ya girme ni, na dama kuwa kamar baƙo ne a gidan surukai, komi sai an ce mashi bismillah. Ya sha wahala da shi shekaru, har ya koyi gudu da kwalliya, har ya fara jin shi ma wani ne. A Marsai in na gama kiɗa mutane su zo su kama hannun hagun suna juyawa suna tambaya ina na samo shi. In ce a Tasawa, cikin kaset. In sun saki, ya koma aljihu da kanshi. Duk sanda aiki ya tsaya, ko otel ya rufe, ko na kwana da yunwa a garin da ban san kowa ba, sai in dube shi in ce, to, ga maganar amarya ta iso.

In na zo gida kuwa, da turmin zane da sukari da ganyen shayi, tambayarta guda ce.

"Ango, har yanzu akwatin nasara kake duka?"

"Shi nake duka, amarya."

"Da wane hannu?"

"Duka biyu."

"Na dama ne ke riƙe da kai. Ka gode mani. Da ban ɗaure wancan ba da yanzu kana bin kasuwa ba wando."

Sai in yi dariya in ce na gode. Ba ta taɓa jin kiɗan ba, ni kuma ban taɓa kawo shi ba.

Ɗiyata a Yamai aka haife ta. Ranar da ta fara ɗaukar cokali na ga da wane hannu ta ɗauka, na ajiye nawa cokalin. Uwarta ta yi ta dariya, ta ce ai ba a tambayar ɗiyar wa ce. Ni ban yi dariya ba. Yarinyar na girma, tana zane a ƙasa da hagu, tana jifar kaji da hagu, tana kuma samunsu. Sai saƙo ya zo daga gida cewa tsohuwa ta daina zuwa kasuwar Mayahi, ƙafa ta ƙi, kuma ta ce a gaya wa ango in bai kawo mata yarinyar ta gani ba, ta sake shi.

Na yi shiri iri biyu. Na farko, na saya wa yarinyar awarwaro ja na sa mata a dama, na ce, "Kin ga, a gidan kaka hannun da ke da awarwaro shi ke ci, shi ke karɓa, shi ke gaisuwa." Ta ce to. Na biyu, na naɗe piyanona cikin bargo. Dabarata ita ce in kaɗa wa tsohuwa tun kafin a kawo abinci, ta ji abin da hannun hagu ke iya yi, in ya so ko asiri ya tonu daga baya zuciyarta ta riga ta yi laushi.

Bayan girbi ne. Muka sauka Tasawa, na ari batirin mota wajen ɗan kawuna, muka shiga motar Mayahi, piyano a sama tsakanin buhun albasa da wani bunsuru da ya yi ta ɗanɗana bargon. Daga can sai amalanken shanu. Mai amalanken ya dubi dogon naɗin nan ya cire hula ya ce, "Allah ya jiƙan rai." Na ce ba gawa ba ce, kayan aiki ne. Bai yarda ba, duk hanya bai bugi sa ko sau ɗaya ba.

Muka iso bayan la'asar. Kakata na zaune kan tabarma gindin itacen bedi, ta ƙara ƙanƙancewa, sai idanun nan kamar na shaho.

"Wa nike gani? Tsohon mijina ne da tumbi?"

"Ni ne, amarya. Kin ƙara kyau."

"Ƙarya kake, kuma ka iya. Miƙo mani ƙawata in gani."

Ban ko kwance bargo ba sai ga matar ƙanena da ƙwaryar fura. Na manta, a gidanmu ba a barin baƙo ya gama sallama ba a tare shi da fura ba. Aka dire gaban yarinyar. Ta kai hannu ta ɗauki ludayi, awarwaro ja na walƙiya. Na ce alhamdulillahi a raina. Sai na sake dubawa. Awarwaron yana hagu. A kan amalanke ta cire shi ta mayar can, tun da an ce mai awarwaro shi ke ci.

Kakata ta dubi hannun, ta dube ni.

"Ashe abin gado ne."

Ta jawo bakin zanenta ta sa haƙorin da ya rage ta yaga, ƙiiii. Wallahi da furfurata a gemu, sai da hannuna na hagu ya koma aljihu. Na ga bakinta ya fara motsi, na san maganar da ke tafe.

Na ce, "Amarya, don Allah kafin ki ce komi, bari in kaɗa maki."

"Yanzu? Mutane ba su sha hura ba?"

"Yanzu."

"To kaɗa. Ƙyallen ba shi gudu."

Na dasa piyano kan wani turmi da aka kife da buhun gero, na haɗa batir. Yara suka cika katanga. Tsoro ya sa na yi abin da bai kamata ba: na saki hannun dama. Duk kwalliyar da tsohon Gana ya koya mashi sai da ya zazzage ta, ya hau ya sauka, ya yi gudu ya yi birki, irin wadda a Marsai ake tashi tsaye a yi tafi. Na gama ina haki. Wata akuya ta yi atishawa.

"Ka gama?" in ji kakata. "Na ɗauka zabi anka kora. Wanga abu anka ba ka abinci saboda shi?"

"Shi ne."

"Mutanen can suna da kirki. Matso nan."

Na matsa na durƙusa. Ta kama hannuna na dama, ta murɗa shi baya, ta zagaye shi da ƙyallen ta ƙulle a ɗamarar wandona. Ƙullin nan dai, bai canja ba.

"Wanga ya cika surutu. Akwai wani can ƙasa shina magana, wanga ya hana ni ji. Koma."

Na koma da hannu guda. Na ɗora na hagu, ba kwalliya, ba komi, tafiyarshi kawai, yadda yake yi a rumfar mai rediyo. Dum, ta-dum, ta-dum. Can bayan danga matan maƙwabta na dakan tuwon dare, na ji taɓarensu sun lalubo ni sun shigo ciki. Ɗiyata ta ajiye ludayi tana kaɗa kai. Kakata ta sunkuyar da kai, ta daɗe haka, har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sai na ga kafaɗarta ta dama tana ɗagawa tana sauka.

"Tsaya," ta ce. "Sake wurin nan."

Na sake.

"La ilaha illallahu. Bafillata ce. Ji ta, ji ta! Ta makara, ta makara, ga ta nan ta faɗo. Mai nauyin ni ce. Matar ga har ta mutu ba ta koyi daka ba." Ta yi dariya har da tari, ta goge ido da bakin zanen da ta yaga. "Shekara nawa rabona da jin ta. Kai, ɓarawo, ina ka samo mu?"

Sai lokacin na gane, ni da na gaya wa rabin Marsai cewa a kaset na samo. Na ce, "Ke kika manna shi jikin turmi, amarya. Me kike so ya yi, ya toshe kunne?"

Ta tauna maganar. Sai ta gyara zama, fuskarta ta washe irin ta wadda ta ci shari'a.

"Ashe ni na koya mashi."

"Ke ce."

"Ashe ɗaurin ya yi amfani."

"Ya yi."

"To mi muke jira? A kawo turmi, a kawo yarinya."

Na miƙe tsaye da hannu ɗaure a baya, har na kusa kifar da piyano. "Amarya! Ba haka nake nufi ba!" Matar ƙanena ta toshe baki ta shige ɗaki. Tsohuwa ta bar ni ina ta rantse-rantse, ina kawo hujja, ina haɗa Hausa da Faransanci, sai da ta ƙoshi da kallona sannan ta ce, "Zamna, kada ka faɗi. Ƙyallen guda ne, kuma ga shi ya samu aiki. Zanena ba shi da sauran baki."

Ta yafito yarinyar. Ta kama hannun hagun, da awarwaronshi, ta juya shi ta dubi tafin, ta yi addu'a a hankali ta tofa. "Allah shi yi ma wanga albarka. Ke ƙawata, tuwo dai da dama, don haka addini ya ce, kuma ubanki ya koya maki da baki, ba da igiya ba. Sauran aikin duniya ki yi da wanda ya fi jin maganarki."

Yarinyar ta ce, "Jifar kaji fa?"

"Kajin ubanki, da duka biyu."

Ina durƙushe a gefe. Na miƙa nawa hagun. Ta dube shi sama da ƙasa kamar mai tayin akuya.

"Kai kuma mi?"

"Kin taɓa cewa ba shi da albarka. Ba shi ciyar da ni, ba shi ciyar da kowa."

"Ni? Yaushe?"

"Ranar sunan nan, da liman ya ba ni dabino."

"Kai, ango, riƙo gare ka kamar raƙumi." Ta kai yatsa ta tsokani cikina. "Wanga tumbi wa ya cika shi? Zannuwan da nike ɗaurawa wa ya saye su? In na faɗi, na janye. Kawo nan." Ta riƙe shi da hannayenta biyu, ta tofa mashi tashi addu'ar, ta ƙara da ɗan duka a baya, wai ladan wahalar da ya ba ta.

Kafin magariba aka kawo tuwo da miyar kuka. Kowa ya wanke hannu ya matso. Ni na zauna gaban akushi, na dama ɗaure a baya, na hagu kan gwiwa an sa mashi albarka amma ba a ba shi izinin tuwo ba. Na ce a kwance ni. Ta ce ba ta gama hutawa da surutunshi ba. Ɗiyata ta mayar da awarwaro dama, ta yi loma, ta dube ni da tausayi.

Kakata ta yanko tuwo, ta dangwali miya, ta busa.

"Hannu biyu, ka zagaye duniya, ga ka da yunwa. Buɗe baki, ango."